Yadda Ake Zaɓa wa Jirgin Ruwa Farfelar da Ta Dace da Injinsa da Lodinsa

Direban mota yana da giya huɗu ko biyar, yana canzawa gwargwadon yadda hanya ta zo masa. Jirgin ruwa mai inji kuwa giyarsa ta tafiya gaba ɗaya ce tal, kuma farfelar da aka ɗaura masa ita ke yanke ko giyar za ta yi wa injin nauyi ko za ta yi masa sauƙi. Ga shi ruwa ba shi da gangara. Daga lokacin da ka ba da totur har ka sauke, injin kamar motar lodi yake a kan hawa. In ka sa masa farfela mai nauyi, ka tilasta masa hawan tudu da babbar giya ke nan, kullum, duk tsawon rayuwarsa.

Abin da za ka riƙe guda ɗaya ne: farfelar da ta dace ita ce wadda, idan ka ɗora lodin da ka saba ɗauka ka buɗe totur har ƙarshe, za ta bar injin ya kai juyin da masu ƙera shi suka rubuta masa. Girmanta a ido, ƙyallinta, ko cewa jirgin wani yana gudu da irinta, duk ba su ne ma'auni ba.

Lambobin da za ka fara nemowa

Na farko yana cikin littafin injinka. Kowane inji yana da iyakar juyi a minti ɗaya da ake so ya kai in an buɗe totur duka. Da yawa daga cikin ƙananan injinan da ake maƙalawa a bayan jirgi, irin Yamaha Enduro mai ƙarfin doki 15 ko 40, ana so su tsaya tsakanin juyi 4,500 da 5,500. Manya irin Yamaha F150 kuma tsakanin 5,000 da 6,000. Kada ka ɗauki na wani inji ka ɗora wa naka don ƙarfin dokinsu ɗaya. Duba naka. A littafin nan kuma za ka ga rabon giya, wato sau nawa inji ke juyawa kafin farfela ta juya sau ɗaya. In an rubuta 2.00:1, inji ya juya sau biyu farfela ta juya sau ɗaya.

Na biyu yana jikin farfelar kanta, a gefen cibiyarta ko a cikin bakin inda noti yake zama. Za ka ga lamba biyu, misali 13¼ x 19. Ta farko faɗi ne, faɗin da'irar da bakin fikafikan ke zanawa in sun juya, da inci. Ta biyu taku ne: nisan da farfelar za ta ci gaba a juyi ɗaya da a ce ruwa ba ya gocewa. Farfela mai taku 19 tana neman ta ci inci 19 a kowane juyi. Taku ya ƙaru, nauyi a kan inji ya ƙaru, juyi ya ragu. Taku ya ragu, inji ya samu sarari, juyi ya hau. In tsatsa ko fenti ya rufe lambar, goge da burushin waya. In ta shafe gaba ɗaya, masu gyaran farfela suna da ma'aunin da suke gane takun da shi.

A injinan bayan jirgi ba ka da zaɓi mai yawa a kan faɗi, domin ƙafar injin ta riga ta ƙayyade wurin, kuma masu ƙera farfela sun riga sun haɗa kowane taku da faɗin da ya dace da shi. Don haka kusan duk aikinka a kan taku zai ƙare.

Sai agogon juyi. Ba a wannan aiki da kunne. Na san akwai masu cewa da jin kukan inji sun san inda yake, amma bambancin juyi 4,300 da 4,800 ba abin da kunne zai tantance ba ne cikin iska da ƙarar ruwa, kuma a tsakanin nan lafiyar injin take. In jirginka ba shi da agogo, akwai ƙarami na hannu da ake naɗa wayarsa a jikin wayar fulogi. Ka tabbata an saita shi daidai da irin injinka, don agogon da aka saita ba daidai ba zai iya nuna maka rabi ko ninki. Hanya mai sauƙi ta gane gaskiyarsa: bar injin yana aiki a tsaye ba totur, ka gwada abin da agogon ya nuna da abin da littafi ya ce.

Kafin ka zargi farfela

Nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Inji ya kasa kai juyinsa, sai a ruga a sayo farfela mai ƙaramin taku, alhali matsalar tana wani wuri. Sabuwar farfelar za ta ɗaga juyin kam, amma ta lulluɓe cutar ne kawai.

Fara da cikin jirgin, ɓangaren da ke cikin ruwa. Gansakuka da ƙananan halittun da ke manne wa jikin jirgi suna cin gudu fiye da yadda ake zato, kuma jirgin da ya daɗe a ruwa ba a kankare shi ba zai iya rasa ɗaruruwan juyi. Haka ruwan da ya taru a ƙasan jirgi, ko katakon da ya sha ruwa ya yi nauyi. Kwashe, kankare, sannan a yi magana.

Duba injin: fulogi, matatar mai, ko totur yana buɗewa har ƙarshe da gaske. Wayar totur da ta saki tana iya barin maƙogwaron injin a buɗe kashi uku cikin huɗu, kai kuma hannunka ya kai ƙarshe. Cire murfin, injin a kashe, wani ya tura totur kai kana kallo.

Duba tsayin da aka ɗaura injin. A saman farfela akwai wani faranti shimfiɗaɗɗe a jikin ƙafar inji. A yawancin jirage ana so farantin nan ya zo daidai da layin ƙasan jirgin, ko ya ɗan sauka kaɗan. In ya nutse sosai, ƙafar tana jan ruwa a banza, juyi ya faɗi. In ya yi sama da yawa, farfela za ta riƙa shan iska, musamman a kwana: sai ka ji injin ya yi kururuwa jirgin kuma bai ƙara gudu ba. Ƙafafun injina ana yin su ne don bayan jirgi mai tsayin inci 15, 20 ko 25, kuma in aka haɗa doguwar ƙafa da gajeren baya babu farfelar da za ta gyara wannan.

Sannan ita farfelar. Shafa bakin kowane fiffike da yatsa. Lanƙwasa kaɗan a baki ɗaya ta isa ta kawo rawa, ta kuma canza takun. A cikin cibiyar yawancin farfelolin injin baya akwai roba da aka danna tsakanin jikin farfelar da zoben da ke kama sandar da ke juya farfelar, aikinta ta sha bugun in an daki dutse ko kututture. In robar nan ta saki, jirgin zai tafi lafiya a hankali, amma da ka ba da wuta sai juyi ya tashi sama jirgi ya tsaya cak. Gwajinsa ba wuya: ja layi ɗaya da fenti daga zoben ciki zuwa jikin farfelar, ka fita ka ba da totur, ka dawo ka duba. In layin ya rabu biyu, robar ta mutu.

Gwajin kan ruwa

Lodi shi ne zuciyar gwajin. Kada ka fita kai kaɗai da rabin tanki ka auna, alhali kullum mutum takwas da kayansu kake ɗauka. Ɗora abin da ka saba: mutane, mai, anga, raga, ƙanƙara, duk abin da ke hawa jirgin a ranar aiki. In ba ka samu mutane ba, jarkokin ruwa sun wadatar, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Fetur ya ɗan fi sauƙi, kusan kilo uku a kowace lita huɗu. Ka jera nauyin inda ya saba zama, domin lodin da ya taru a baya yana nutsar da gindin jirgi ya canza komai.

Zaɓi ruwa kwantacce mai zurfi, inda babu cunkoso. Bar injin ya yi ɗumi. In sabo ne, sai ya gama awannin sabo da littafinsa ya ce kafin a buɗe masa totur duka. Ɗaura igiyar kashe inji a hannunka, kowa ya sa rigar ruwa.

Ba da totur a hankali har ƙarshe. In jirginka irin mai hawa saman ruwa ne, jira ya miƙe, sannan ka riƙa ɗaga ƙafar injin kaɗan-kaɗan. Za ka ga juyi da gudu suna ƙaruwa tare. Akwai inda za ka kai gudu ya daina ƙaruwa juyi kuma ya ci gaba da hawa, ko gaban jirgin ya fara tsalle. Koma baya kaɗan daga nan, ka bar shi ya daidaita, ka rubuta juyin da agogo ya nuna da gudun da GPS na wayarka ya nuna. Juya ka sake bi ta inda ka fito, ka sake rubutawa, ka raba tsakani, don iska da igiyar ruwa kada su ruɗe ka. Ba sai ka daɗe a totur duka ba, minti ɗaya ya isa.

In da hali, sake gwajin da jirgi ba lodi. Lambar nan ta biyu za ta yi maka amfani nan gaba.

Karanta sakamakon

A ce littafinka ya ce 5,000 zuwa 6,000, farfelarka mai taku 21 ce, kuma da lodi ka samu 5,050. A takarda kana cikin iyaka. Ni dai ban yarda da wannan ba. Kana bakin ƙofa ne, kuma ranar da aka ƙara mutum biyu, ko zafi ya tsananta, ko gansakuka ta fara kama jirgin, ka faɗa ƙasa. Abin da ya fi shi ne da lodin yau da kullum ka zauna a rabin sama na iyakar, wajen 5,500 zuwa 5,700 a wannan misalin.

Ƙa'idar da masu aikin suke bi ita ce, kowane inci ɗaya na taku yana canza juyi da kusan 150 zuwa 200. Kana neman ƙarin 550, wato inci uku ke nan a kan wannan lissafi, taku 18. Akwai wani lissafin kuma: ninka takun da kake da shi da juyin da ka samu, ka raba da juyin da kake so. 21 sau 5,050, a raba da 5,600, ya ba da kusan 19. Tunda farfeloli da yawa bibbiyu suke tsallakawa, 17, 19, 21, sai ka fara da 19 ka koma ruwa. Lissafi na biyun nan ya fi amfani a ƙananan injina masu taku 9 ko 11, domin a wurinsu inci ɗaya babban kaso ne na takun, kuma yakan motsa juyi fiye da 200.

Yanzu ka ga amfanin gwajin da ba lodi. In da taku 19 jirgi ba kowa ya kai 5,900, lafiya lau, farfela ɗaya ta ishe ka. In kuwa ya wuce 6,000 har na'urar tsare juyi ta fara yanke wuta, to tazarar da ke tsakanin jirginka cike da jirginka wayam ta fi ƙarfin farfela ɗaya. Ko dai ka riƙe guda biyu kana canzawa gwargwadon aikin ranar, ko ka zaɓi ta lodi ka riƙa sassauta hannu in ba kaya. Na biyun ya fi sauƙi, kuma shi ya fi tsaro: injin da juyinsa ke neman wucewa kana iya janye masa totur, amma wanda farfela ta danne babu abin da hannunka zai yi masa.

Dalili kuwa, injin da aka danne yana shan wahala a kowane matsayi na totur, ba a ƙarshe kaɗai ba. Mai yana shiga da yawa, juyi bai kai ba, zafi da matsi suna taruwa a kan fistan, baƙin gawayi yana kama zobba, a injin fetur kuma wutar tana iya tashi ba a kan lokaci ba har ta ci saman fistan. Ba rana ɗaya yake mutuwa ba, shi ya sa ba a cika danganta mutuwarsa da farfela ba. Ga jirgin yana jan jiki kafin ya miƙe, hanci a sama, direba ba ya ganin gabansa.

In tazarar ta yi yawa, misali kana ƙasa da iyaka da juyi 1,000 da farfelar da a da take kai ka daidai, kada ka sayi komai. Koma ka binciki inji da jikin jirgi.

Zamewa

Ruwa yana gocewa, saboda haka farfela ba ta taɓa cin cikakken takunta. Kana iya auna abin da ya zube. Ninka juyin inji da taku, ka raba da rabon giya, ka sake rabawa da 656, zai ba ka gudun da za a samu da babu zamewa, da kilomita a awa. Juyi 5,500 sau taku 19, a raba da 2, a raba da 656, ya ba da kusan 80. In GPS ya nuna 69, ka rasa 11 cikin 80, kusan kashi 14 cikin ɗari. A jirgi mai hawa saman ruwa, kashi 10 zuwa 20 ba abin damuwa ba ne. Jirgi mai nauyi da ke ture ruwa a hankali yakan fi haka nesa, kuma ɗabi'arsa ce. Amma in jirgi mai gudu ya nuna kashi 30, ko fikafikan sun yi wa nauyin ƙanƙanta, ko sun lalace, ko farfelar tana shan iska, ko robar ciki ta saki. In kuma lissafin ya nuna zamewa ƙasa da sifili, agogonka ne ke ƙarya, ko takun da aka rubuta ba shi ne na gaskiya ba.

In ka canza irin farfelar

Duk lissafin da ya gabata yana aiki ne in ka tsaya a iri ɗaya, taku kawai ka canza. Da ka tsallaka zuwa wani iri, lamba ɗaya ba ta nufin nauyi ɗaya. Farfelar alminiyam tana da araha, fikafikanta masu kauri ne, suna ɗan lanƙwashewa in an matsa, kuma in ka daki abu ita ke karyewa ta ceci giya. Ta ƙarfen da ba ya tsatsa siririya ce mai tauri, tana riƙe ruwa sosai, sau da yawa takan sauke juyi kaɗan ko da lambar takunsu ɗaya. A ruwan da ke cike da duwatsu da kututtura ni alminiyam zan zaɓa, in ajiye ta biyu a jirgi.

Wasu fikafikan an ɗan murɗe bakinsu na baya ciki kamar leɓe. Wannan yana hana shan iska, yana kuma ƙara nauyi kamar an ƙara taku. Mai fiffike huɗu ta fi mai uku saurin ɗaga jirgi mai lodi da riƙe shi a saman ruwa da ƙaramin gudu, amma takan ɗan rage gudun ƙarshe, kuma bisa al'ada ana rage inci ɗaya na taku in za a koma kanta. Ga jirgin da aikinsa ɗaukar kaya ne, faɗin fiffike da ƙaramin taku sun fi masa komai.

Yawan ƙarfe a ruwa ba shi ne ƙarfi ba, kuma tun farkon wannan fasaha aka ga haka. Francis Pettit Smith na Ingila ya yi rajistar farfelarsa a 1836, doguwa ce ta katako mai murɗi biyu. A wani gwaji a 1837 kusan rabinta ya karye, sai jirgin ya ƙara gudu.

Akwai kuma ramuka ƙanana da za ka iya gani a jikin fiffike kamar an tsattsaga shi da allura. Wannan ba shan iska ba ne. Matsin ruwa ne ke faɗuwa a bayan fiffiken har ruwan ya zama kumfar tururi, kumfar ta fashe a jikin ƙarfen ta riƙa cinye shi. Bakin fiffike da ya gutsure, ko farfelar da ta yi wa ƙarfin injin ƙanƙanta, su suka fi kawo shi.

Wuri da yanayi ma suna da hannu. Injin da ba shi da na'urar cusa iska yana rasa kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau sama da teku, don haka jirgin da aka kai tafkin kan tudu yakan buƙaci ƙaramin taku. Iska mai zafi da laima ita ma tana rage ƙarfi. In a lokacin sanyi ka yi gwaji, bar wa lokacin zafi sarari.

Injin dizal na cikin jirgi

Ƙa'idar ba ta canza ba, sai dai a nan lamba ɗaya ake ba ka, misali cikakken ƙarfi a juyi 3,000, kuma dole injin ya kai ta da cikakken lodi. Fara gwada shi ba a giya ba na ɗan lokaci: ya kamata ya ɗan wuce lambar kafin gwamnan mai, wato na'urar da ke hana juyi wuce iyaka, ya tsare shi. In bai kai ba a nan, matsalar ba ta farfela ba ce. In ya kai, amma a cikin ruwa ya tsaya a 2,700 yana fitar da baƙin hayaƙi, an danne shi.

A jirgi mai ture ruwa, ƙarfin da farfela ke sha yana hawa ne kusan gwargwadon juyi sau juyi sau juyi. A kashi 80 cikin ɗari na juyi, kusan rabin ƙarfin kawai take sha. Wannan ne ke jan wasu su ƙara taku don su yi tafiya da ƙaramin juyi su rage shan mai. Yana iya yin aiki a ruwa kwantacce, amma ranar da aka haɗu da iska da igiyar ruwa a gaba, injin ba shi da sauran abin bayarwa. Irin wannan jirgi kuma tsawonsa ne ke ƙayyade gudunsa: mai tsawon mita 9 a layin ruwa, in mai nauyi ne, da wuya ya wuce kilomita 13 ko 14 a awa komai takun da ka sa masa. A nan kana da ikon zaɓar faɗi, kuma babbar farfela mai juyawa a hankali ta fi tura nauyi, muddin ka bar tazarar kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na faɗinta tsakanin bakin fiffike da jikin jirgi, don kada ta riƙa dukan jirgin da rawa.

Ɗaurawa

Kashe inji, cire igiyar kashewa, sa giya a tsakiya. Sa guntun katako tsakanin fiffike da farantin sama don farfelar ta tsaya, ka zare fil ɗin kulle, ka kwance noti. Jera duk abin da ka cire a kan tsumma bi da bi. Akwai wosha mai kauri da ke zama tsakanin farfela da gidan giya, wadda ke ɗaukar turin gaba ɗaya. Takan manne a jikin tsohuwar farfela a tafi da ita ba a sani ba, kuma in aka ɗaura sabuwa babu ita, farfelar za ta ci jikin gidan giya.

Tunda sandar tana tsirara, duba ko zaren kamun kifi ya naɗe a gindinta. Zaren nan yana yanka robar da ke tsare man giya, ruwa ya shiga, man ya koma fari kamar an dama. Cire shi tas. Shafa wa haƙoran sandar giris na ruwa, mayar da wosha, zura farfelar, ka tabbata hannun juyinta ɗaya da tsohuwar, don akwai mai juya dama akwai mai juya hagu. Ɗaure noti gwargwadon ƙarfin da littafi ya faɗa, ka sa sabon fil, kada ka mayar da wanda aka riga aka lanƙwasa. Juya ta da hannu ka ji ko tana gogar wani abu.

Daga nan sai ka koma ruwa da lodin nan dai na farko, a wuri ɗaya, ka sake aunawa. Rubuta taku, juyi, gudu, lodi da kwanan wata a bayan littafin injin. Bayan wata shida in juyi ya sauka da 300 alhali farfelar ba ta canza ba, ka san jikin jirgi ko inji za ka duba.